Ranar da aka kama littafi aka bar mai shi: tambayoyi da amsoshi kan tace littattafai a mulkin kama-karya

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na kawo zancen ƙona littattafai a Jamus a zaman karatun da muke yi nan Gusau duk ƙarshen wata ban sake hutawa ba, wanga ya tare ni bakin masallaci, wancan a teburin mai shayi, ɗalibaina kuwa ba a magana. Shi ne na ce bari in tattara waɗanda aka fi maimaita min in amsa su wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in turo shi nan.

Tambaya: Malam wai mi ne bambancin tace littafi irin na ko'ina da na mulkin kama-karya?

Ko'ina akwai abin da doka ta hana, ka yi wa mutum ƙazafi a rubuce ai kotu za ta raba ku. Amma dai kai ka fara bugawa, wanda ya ga an taɓa shi ya kai ƙara, alƙali ya ji ta bakin kowa. A kama-karya na gaske irin na Hitila a Jamus daga 1933 zuwa 1945, ko na Stalin a Tarayyar Sobiyet, abin a juye yake, komai haramun ne sai wanda aka sa maka hannu. Kuma ba su tsaya ga hanawa ba, har abin da za ka rubuta su za su faɗa maka, in ka ce to na ajiye alƙalamin gaba ɗaya shi ma sai a tambaye ka dalili. Wani marubucin Rasha, Isaac Babel, ya taɓa yin raha a babban taron marubuta na 1934 cewa shi yanzu ya zama gwani a fannin shiru. A 1939 aka kama shi, a farkon 1940 aka harbe shi, rubuce-rubucen da aka kwashe a gidansa har yau ba a gan su ba.

Tambaya: Da gaske an tara littattafai an banka musu wuta a Jamus ko dai farfagandar Turawan Ingila ce?

Da gaske ne, akwai hotuna har da na bidiyo don su da kansu suka kira masu ɗauka. Daren 10 ga Mayu 1933, wata uku da 'yan kwanaki da hawan Hitila, a wani fili da ke fuskantar jami'a a tsakiyar Berlin aka ƙona littattafai kusan 20,000, ministan farfaganda Joseph Goebbels ya zo ya yi jawabi, haka aka yi a wasu garuruwan masu jami'o'i. Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne su wa suka yi aikin. Suna zaton sojoji ne jahilai, to ƙungiyar ɗaliban jami'a ce ta shirya, farfesoshi suka rufa musu baya, jerin sunayen littattafan da aka yi amfani da shi ma wani ma'aikacin laburare ne ya tsara shi. Masu ilimin ne da kansu. An ƙona na Karl Marx, na Sigmund Freud, na Erich Maria Remarque wanda laifinsa kawai ya nuna yaƙi ba abin alfahari ba ne, har na Helen Keller baiwar Allah makauniya kuma kurma 'yar Amurka. Wani marubuci Erich Kästner yana tsaye cikin taron yana kallo aka kira sunansa aka jefa nasa a wuta.

Ga wani abu da nake so 'yan uwa Musulmi su sani. Akwai maganar nan da ake yawan kawowa ta marubucin Jamus Heinrich Heine, cewa inda aka ƙona littattafai a ƙarshe mutane za a ƙona. Ya rubuta ta fiye da shekara ɗari kafin Hitila, a cikin wani wasan kwaikwayo, kuma wanda ya faɗe ta a wasan Musulmi ne ɗan Andalus, yana magana ne kan ƙona Alƙur'ani da aka yi a kasuwar Garnaɗa bayan garin ya faɗa hannun Kiristocin Sifaniya. Heine asalinsa Bayahude ne, nasa littattafan ma 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitila, sun haramta su. Yau in ka je filin nan na Berlin za ka ga maganar a rubuce a ƙasa, kusa da wani gilashi da in ka leƙa za ka hango ɗaki a ƙarƙashin ƙasa cike da kantocin littattafai fayau babu ko ɗaya, an yi shi a 1995.

Tambaya: Kenan ƙonawa ita ce babbar hanyar da suke bi?

A'a, kuma nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskure. Wuta biki ce, na dare ɗaya, don a tsorata jama'a. Ainihin aikin a ofis ake yin sa, da fayil da hatimi, ba hayaƙi ba ihu.

A Jamus a cikin wannan shekarar ta 1933 aka kafa majalisar al'adu ƙarƙashin Goebbels, tana da reshen marubuta, in ba ka da katin zama ɗan reshen babu maɗaba'ar da za ta karɓi aikinka, kuma Bayahude ko wanda ake zargi da adawa ba ya samun katin. Ka ga ba sai an ƙona littafinka ba tunda ba a ma haife shi ba.

Sobiyet kuwa su ne malaman wanga fanni. A 1922 suka kafa hukumar tacewa mai suna Glavlit, ta yi aiki har 1991, kusan shekara 70. Duk abin da zai shiga inji sai ya bi ta hannunta, ba littafi da jarida kaɗai ba har ƙananan takardu, kuma suna da wani kundi na sirri mai jerin abubuwan da ba a ambata, kamar haɗarin jirgin sama, ɓarkewar annoba, lalacewar amfanin gona, har ita kanta hukumar ba a son a ambaci cewa tana tace komai. Maɗaba'u na gwamnati ne, takardar bugawa gwamnati ke rabawa, ƙungiyar marubuta da ta yi taronta na farko a 1934 ita ke ba da gida da wurin hutu da asibiti mai kyau, in an kore ka daga cikinta an kore ka daga abinci. A manyan laburare kuma akwai ɓangare na musamman a kulle da ake kira spetskhran, littafin yana nan ba a ƙona ba amma an cire sunansa daga katin nema, sai ka kawo takardar izini daga wurin aikinka kafin ka gan shi.

Wanda ya fi ba ni dariya da takaici shi ne na Beria, shugaban 'yan sandan ciki na Stalin. Babban kundin sani na Sobiyet ya yi masa dogon yabo da hoto shafi guda. Stalin na mutuwa a 1953 aka kama Beria aka harbe shi, sai kawai aka aika wa duk masu kundin wasiƙa har gida, da sabbin shafuka, aka ce su sa almakashi ko reza su yanke shafukan Beria su manna waɗannan, ciki har da ƙarin bayani kan tekun Bering don dai haruffan su yi daidai da gurbin. Ka duba fa, kai da kuɗinka ka sayi littafi, kai za ka zauna kan tabarmarka da rezarka ka yi musu aikin tacewa.

Tambaya: To wai mi ya sa mai tankar yaƙi zai ji tsoron takarda?

Don mulkin nan a kan abu ɗaya yake tsaye, kowa ya ɗauka shi kaɗai ne ke ganin ƙaryar. Kana gani, maƙwabcinka na gani, amma ba mai iya faɗa wa wani. Ranar da ka karanta abin da ke ranka a rubuce, kuma ka ga takardar ta yi laushi da datti saboda yawan hannun da ta bi, ka gane ashe kuna da yawa. Wannan ganewar ce ba sa so.

Tambaya: Su marubutan mi ake yi musu?

Ya danganta da zamani. Lokacin Stalin kisa ne ko gidan gwale-gwale. Osip Mandelstam waƙa ya yi mai layi 16 a 1933 yana yi wa Stalin zambo, ya kwatanta yatsunsa da tsutsa gashin bakinsa da kyankyaso, bai buga ta ba, karanta wa wasu abokai kawai ya yi a ɗaki, to a cikinsu wani ya kai. Aka kama shi a 1934, aka sake kamawa a 1938, ya mutu a Disambar shekarar a wani sansani kusa da Vladivostok.

Bayan Stalin sai salon ya canza, aka koma wulaƙanci da kora. Boris Pasternak da aka ƙi buga littafinsa Doctor Zhivago a gida, aka fitar da shi ya fito a Italiya a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a 1958, aka taso shi gaba har sai da ya ce ba ya so, aka kore shi daga ƙungiyar marubuta, mutane suna ta rubuto wa jaridu suna tsine wa littafin da ba su taɓa gani ba balle karantawa. Sai 1988 aka buga shi a ƙasarsa, shi kuwa ya rasu tun 1960. Solzhenitsyn da ya tona asirin gidajen gwale-gwale a wani littafinsa, littafin ya fito a Faransa ƙarshen 1973, a Fabrairun 1974 aka ɗora shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar aka ƙwace masa zama ɗan ƙasa.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai Vasily Grossman ne. A Fabrairun 1961 jami'an KGB, wato 'yan sandan cikin Sobiyet, suka zo gidansa, ba su taɓa shi ba, littafin suka zo kamawa, Life and Fate, wanda ya kwashe shekaru yana rubutawa kan yaƙin Stalingrad. Suka kwashe rubutun, suka bi masu buga masa tafireta suka karɓi nasu kwafin, har takardun kabon da zaren tawadar tafiretar suka haɗa don kada wani ya bi sawun haruffa ya dawo da shi. Ya rubuta wa shugaba Khrushchev yana roƙon a saki littafinsa. Ya mutu a 1964 bai ga fitowarsa ba. Ashe akwai kwafin da ya ɓoye wurin aminai, daga baya aka ɗauke shi a hoto a ƙaramin fim aka tsallakar da shi, ya fito a Suwizalan a 1980.

Tambaya: Yauwa Malam, ta yaya irin waɗannan littattafai suke tsira?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don amsarta mu nan mun fi Bature saurin gane ta.

Hanya ta farko kwafi da hannu ko da tafireta, abin da Rashawa ke kira samizdat, wato buga da kanka. Mutum zai jera siraran takardu da kabon a tsakani ya danna da ƙarfi don ya samu kwafi huɗu ko biyar a bugu ɗaya, na ƙarshen da kyar ake karantawa, ya ba aminai, kowa ya sake bugawa ya miƙa gaba. Wani lokaci dare ɗaya za a ba ka, gida duka a kwana ana miƙa shafi hannu zuwa hannu, da asuba ka mayar. In an kama ka kuwa dokar farfagandar adawa da Sobiyet tana iya ba ka shekara 7. A Romaniya shugaba Ceausescu ya gane inda gizo ke saƙar, a 1983 ya yi dokar duk mai tafireta ya kai ta rajista wurin 'yan sanda a ɗauki samfurin haruffanta, don kowace tafireta da irin tabon haruffanta kamar zanen yatsa.

Hanya ta biyu hadda. Matar Mandelstam, Nadezhda, ta haddace waƙoƙin mijinta, tana yawo gari-gari tana gudun kamu, tana aikin dare a masaƙa tana tilawarsu a zuci don kada su zube, shekara da shekaru. Anna Akhmatova kuwa, wadda ta yi wata 17 tana bin layi a ƙofar kurkukun Leningrad saboda ɗanta da aka kama, ta tsara waƙoƙin Requiem amma tana tsoron ajiye su a takarda kuma tana zargin ana sauraren ɗakinta. In ƙawarta Lydia Chukovskaya ta zo sai ta riƙa yin hirar banza da ƙarfi, ko za ki sha shayi, bana kaka ta zo da wuri, hannunta kuma yana rubuta baiti a guntuwar takarda, ƙawar ta karanta ta haddace ta miƙo, ita kuma ta kyasta ashana ta ƙona a abin zuba tokar sigari. Haka waƙar ta zauna a ƙirjin 'yan mutane kaɗan, sai 1987 aka buga ta cikakkiya a ƙasar.

Da na ba da wanga labari a zamanmu wani dattijo alaramma da ke zuwa sauraro murmushi kawai ya yi ya ce, Malam ai wannan allo ne, ka rubuta ka haddace ka wanke. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba sai ranar. Mu da muka tashi muna ganin gwani ya zauna da tawadarsa da alƙalamin kara ya rubuta izu sittin da ka, kuma waƙoƙin su Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u da yawansu ta bakin tsofaffi mata da makafi da kwafin hannu suka iso mu ba ta maɗaba'a ba, ai mun san ƙirji ma'aji ne da ɗan sanda bai iya bincikewa.

Tambaya: Masu tacewar ba a iya yi musu wayo?

Ana yi sosai. Habaici da gugar zana ba makaɗan fadarmu kaɗai suka iya ba, marubutan Sobiyet da na Gabashin Turai sun ƙware, ka ba da labarin wani azzalumin sarki na zamanin da ko na wata ƙasa mai nisa, mai karatu ya san da wa ake, mai tacewa kuma in ya ce da shugaba kake to shi ya faɗa. Amma kada a ɗauka riba ce zalla. Wanda ya shekara ashirin yana magana a karkace bakinsa karkacewa yake, kuma mafi muni shi ne mai tacewar da ke tarewa cikin kan marubuci, tun kafin ya ɗora alƙalami ya goge jimlar da kansa. Littattafan da aka ƙona mun san sunayensu, waɗanda tsoro ya hana a fara su babu mai lissafinsu.

Tambaya: Duk misalanka na Turai ne, sauran duniya fa? Mu nan Afirka fa?

Sin ta yi nata a juyin al'adu na Mao daga 1966 zuwa 1976, matasa 'yan jan kyalle suna shiga gidaje suna kwaso tsofaffin littattafai suna ƙonawa, a Kambodiya kuma 'yan Khmer Rouge da suka mulki ƙasar tsakanin 1975 da 1979 sun wuce littafi sun koma kashe masu karatun.

Afirka yawanci namu masu mulkin ba su da tsarin da zai kai na Sobiyet, amma mugunta ba ta yi ƙaranci ba. A Malawi zamanin Kamuzu Banda an janye littafin waƙoƙin Jack Mapanje daga kasuwa da makarantu, shi kuma aka tsare shi daga 1987 zuwa 1991 ba tare da an kai shi kotu ba. Na Kenya ya fi dacewa da mu masu rubutu da Hausa. Ngugi wa Thiong'o ya shekara yana sukar gwamnati da Turanci ana ƙyale shi, ranar da ya shirya wasan kwaikwayo da harshensu na Kikuyu, manoma da leburori na ƙauyensu suka zama 'yan wasan, a ƙarshen 1977 aka ɗauke shi, shekara guda a kurkukun Kamiti babu shari'a, a can ya rubuta littafi a kan takardar bayan gida. Wato ba abin da ka faɗa kaɗai ake dubawa ba, har da wa zai ji. Daga baya zamanin Moi, kamar yadda shi Ngugin ya sha bayarwa, 'yan sanda suka ji ana zancen wani Matigari mai yawo yana neman gaskiya da adalci, aka ba da umarnin kamo shi, da aka gano mutumin cikin littafi ne sai aka bi kantuna aka kwashe littafin a 1987.

Mu Najeriya sojojinmu sun fi damuwa da jarida. Doka ta 4 ta 1984 ita ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, zamanin Abacha kuma ana rufe gidajen jaridu ana kwashe mujallu tun daga maɗaba'a, har aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa ranar 10 ga Nuwamba 1995 kan fafutukar Ogoni.

Tambaya: Ƙona littattafan soyayya da aka yi a Kano fa, shi ma irin na Hitila ne?

Haba, a daina wannan gwadin. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar da aka kafa a 2001 ta matsa wa marubuta su yi rajista. Amma marubutan sun fito sun yi magana a jaridu da rediyo, ƙungiyoyinsu sun ja da hukuma, babu wanda aka harbe. Wannan ba kama-karya irin na Stalin ba ne. Sai dai ni ra'ayina, kuma na san wasu abokaina malamai ba za su ji daɗi ba, kayan aikin iri ɗaya ne ko da niyya ta bambanta, rajista da izini kafin bugawa da wuta a bainar jama'a, kuma kayan aiki ba ya tambayar wanda zai gaje shi.

Kuma ma yana aiki? Yayata lokacin tana makarantar kwana an taɓa yi musu binciken akwati aka kwashe littattafan Hausa buhu guda. Kafin ƙarshen zangon sun kwafe waɗanda suka tsira cikin littafin rubutu mai shafi tamanin, an yi masa bango da takardar siminti an rubuta Bayoloji a kai, ana bin layi. Ita ba ta taɓa jin kalmar samizdat ba.

Tambaya: To Malam kana nufin a bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama, har batsa da ɓatanci?

Ban ce ba. Ni uba ne, akwai abin da ban yarda ya shigo gidana ba, kuma makaranta na da haƙƙin zaɓar abin da ya dace da shekarun yara. Wanda ya yi ƙazafi ko ya tunzura a zubar da jini a kai shi gaban alƙali da littafin a hannu, a karanta shafin a fili, ya kare kansa, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Abin da nake gudu shi ne ofishin da zai yanke hukunci a ɓoye kafin kowa ya gani, wanda ba a san ma'auninsa ba kuma ba a ƙalubalantarsa. Goebbels ma da sunan tsabtace tarbiyya da kare iyali aka jefa wasu littattafan a wuta, ɗaliban suna faɗin haka da bakinsu kafin su jefa.

Tambaya: Yanzu da waya da intanet ai zancen ya ƙare ko?

Ɗan Zamfara ne zai yi wannan tambayar? Ka manta Satumbar 2021 da aka kashe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga? Wannan dalilin tsaro ne ba tace littafi ba, amma ya nuna mana yadda makunnin yake a hannun mutum kaɗan, sai ka hau mota ka bar jihar kafin ka ce wa ɗan uwanka kana lafiya. A wannan shekarar ma aka rufe Twitter a ƙasar na wata bakwai. Sin kuwa ta gina wa intanet ɗinta katanga, kalma ake sa wa tarko ta ɓace tun kafin mutum na biyu ya gani, kuma waya tana yin abin da Ceausescu ya so tafireta ta yi, tana faɗin wanda ya rubuta da wanda ya karanta da ƙarfe nawa.

A waɗancan makonnin da babu sabis na lura da wani abu a unguwarmu, matan da suka saba karanta littattafan Hausa a WhatsApp sai ga su suna aiken yara gida-gida neman tsofaffin na takarda, masu tura fina-finai da littattafai a kasuwa kuma layi har waje, kowa da ɗan memorinsa a hannu. Matata ta zazzage wata tsohuwar jakar Ghana-mos-go ta fito da guda goma sha, gara ta ci bayan wasu, har yau uku ba su dawo ba.